Baƙaƙe Biyar a Bakin Gada

Kaza mijin 'yarta ya kawo, ba zakara ba, saboda haka tun bai buɗe baki ba Dou Lamei ta san mace aka sake haifa. Ta uku ke nan a jere. Ya tsaya a tsakar gida da kazar a hammata, ido a ƙasa, ya ce Sulian ta sauka lafiya, jaririyar ma ƙalau take, sai dai innarsa ta ba shi saƙo.

"To faɗi mana," in ji Lamei. "Ko saƙon ma an ɗaure masa ƙafafu ne kamar kazar?"

"Ta ce jibi ne wankan kwana uku. Ta ce in rana ta raba tsaka ba a ga kowa daga gidanku ba, za a mayar da daro ɗaki. Wai ba za ta ƙona itacenta a kan mace ta uku ba, in har dangin uwar ma ba su ga abin tahowa ba."

Lamei ta karɓi kazar, ta ce ya gaida innar tasa, ya kuma gaya mata ta hura wuta da wuri. Sai da ya fita ta zauna a kan dutsen niƙa, ta zagi uwar mijin 'yarta, tsohuwar gidan Tan, tun daga kanta har kakannin kakanninta, ƙasa-ƙasa, don kada maƙwabta su samu na kaiwa gaba.

A wajenmu jaririn da ba a yi wa wankan kwana uku ba yana cikin gida ne kawai, amma ba wanda ya ce masa shigo. Uwarsa kuwa ta shiga uku da gori, har ta yi furfura matan gidan za su riƙa tuna mata cewa ta haihu ko kare bai leƙo daga gidansu ba. Sulian ba ta da uba, ya rasu tun tana ƙarama. Yayanta Dashan an kwashe su zuwa aikin madatsar ruwa tun bayan bikin sabuwar shekara. Saura Lamei kaɗai. Ko da akwai wasu ma, kakar wajen uwa ce ke fara zuba ruwa a daro.

Tafiyar ba ita ce damuwar ba, ko da yake ƙafafun Lamei irin na matan da ne, waɗanda aka naɗe tun suna yara, a kan dunduniya take takawa tana dogara sanda. Damuwar gada ce.

A shekarar aka taso da yaƙi da jahilci kamar za a cinye duniya. Aka bi komai aka rubuta masa sunansa: ƙofa aka rubuta mata ƙofa, rijiya aka rubuta mata rijiya, har san noman ƙungiya sai da aka rataya masa allo a wuya, ko shi ma ya san ko shi wane ne. Daga nan aka kafa shinge a bakin gada. Duk mai haye kogi sai ya tsaya ya karanta baƙaƙen da aka rataya ran nan. Wanda ya kasa ya koma gindin bishiya a koya masa har ya iya. Mai sauri kuwa an bar masa wata ƙofa: ya ɗaga murya ya ce shi makaho ne mai ido buɗe, ya karɓi 'yar farar tuta ya soka a kayansa, ya wuce da ita kowa na gani. Tun da aka kafa shingen ba a samu wanda ya miƙa hannu ga tutar ba. Fari launin makoki ne, ga kuma kunya a kai.

Sau ɗaya tak Lamei ta taɓa zuwa makarantar hunturu. Malamar ba wata ba ce, Yinhua ce, matar Dashan, surukarta da suke ci a tukunya ɗaya. Ran nan Lamei ta riƙe allo kai a ƙasa, wata ta hango, aji ya kwashe da dariya, Yinhua ta taso ta juya mata shi a gaban jama'a. Ba ta sake komawa ba. In an yi mata magana sai ta ce shekara hamsin tana dama kunun gero ba ta san yadda ake rubuta shi ba, kuma bai taɓa ƙin yin kauri ba. Gaskiyar magana ita ce dariyar nan ta yi mata ciwo, ita kuwa ba ta iya sakin ciwo da wuri ba.

Washegarin zuwan kazar ita da Yinhua suna zaune suna rina ƙwai ja, sai Lamei ta yi tambaya kamar ba da gangan ba.

"Waɗanne za ku rataya gobe?"

"Ban sani ba, Inna. Shugaba Geng ne ke zaɓa da safe." Yinhua ta juya ƙwai cikin ruwan rini. "Da dai kin riƙa zuwa ko da..."

"Ban tambaye ki jiya ba. Gobe na tambaye ki."

Katangar gidan Lamei gajera ce, kunnen maƙwabciyarta kuma dogo. Kafin ƙwan su bushe tambayar ta isa wajen Geng Laishun, shugaban ƙungiyar manoma. Geng ba mugu ba ne, mutum ne mai son a yaba masa daga sama. Ƙauyen ƙetare ya riga ya karɓi jar tutar nan da ake ba inda aka gama da jahilci, namu kuwa sunan Lamei ne ya tsaya masa a wuya. Ban da wannan, ita kaɗai ce har yanzu take kiransa da sunan da uwarsa ta laƙaba masa yana jariri don mutuwa ta raina shi ta bar shi: Ragowar Kare. A gaban baƙi ma ba ta fasawa.

Ta fito da sassafe, kwando a hannu. Ƙwai ja a sama, ƙasansu gero, mazarƙwaila, busasshiyar magarya da gyaɗa na zubawa a daro, da damin tazargade na ruwan wanka. Ranar kasuwa ce, bakin gada ya cika da masu amalanke da masu kaya a kafaɗa. Yinhua tana tsaye gefen shingen da tarin ƙananan alluna, kowanne da baƙi ɗaya. Geng na hango Lamei ya washe baki.

"Gwaggo ce da kanta! Yau wace rana? Ku ba ta hanya, manyan ɗalibai sun iso."

"Ragowar Kare, ɗaga min sandar shingen nan in wuce. Wanka zan je."

Aka yi dariya, murmushin Geng ya ragu kaɗan. Ya ce ai wuce za ta yi, yau ma abu mai sauƙi aka rataya, karin magana ce da kowa ya sani. Ya nuna alluna biyar a jere a kan ƙusoshi, ya juya wajen jama'a ya ja baki: "Kullum ba ka ƙona turare..."

Jama'a suka ƙarasa masa da murya ɗaya: "...sai ranar matsi ka rungumi ƙafar gunkin Buda!"

Ido ya dawo kan Lamei gaba ɗaya. Ba sai an gaya mata ba, don ita aka zaɓi maganar. Duk hunturu sau ɗaya aka ga ƙeyarta a aji, yau ga ta ta zo fafe gora ranar tafiya. Fuskarta ta yi zafi har kunne, amma ta gyara tsayuwa, ta ɗaga sanda ta bi allunan ɗaya bayan ɗaya, tana faɗin ƙarshen karin maganar da yarenmu, kalma ɗaya ga kowane allo. "Lin, shi, bau, fo, jiyau. Shi ke nan? Tun uwarka ba ta yaye ka ba na san wannan. Buɗe."

"Da kunne kika sani, Gwaggo. Mu ido muke tambaya." Ya kwashe allunan, ya cakuɗa su a bayansa, ya zaro ɗaya ya ɗaga. "Wannan fa?"

Lamei ta duba. Zane ne kawai, wasu a tsaye, wasu a kwance, wasu sun karkace. Ta ce lin. Geng ya ce fo ne. Ya ɗaga wani, ta ce bau, ya ce a'a, wannan shi ake kiransa. Wani mai amalanken kabeji ya ce a rabu da tsohuwa mana, wanka za ta, amma bai faɗa da ƙarfin da za a san shi ya faɗa ba.

"Doka ce, ba ni na yi ta ba," in ji Geng. "Ga bishiya, ga malama har daga cikin gidanki. Gemu ba ya hana ilimi."

"A ina ka gan ni da gemu?"

"In kuma sauri kike, ga tuta."

Ta dubi tutar. 'Yar ƙaramar takarda ce fara, an manna a kara. Ta kai wannan gidan haihuwa, a soke cikin ƙwai ja? Tsohuwar gidan Tan ba za ta taɓa samun kyauta irin wannan ba. Ta dubi kogin. Ƙanƙarar duwatsu ta narke, ruwa ya cika taf yana gudu, ko namiji mai ƙafa sosai ba zai shiga ba. Ta ɗaga kai ta dubi rana, ta ga da saura. Sai ta juya ta nufi bishiyar, tana dukan ƙasa da sanda kamar ƙasar ce ta yi mata laifi.

Yinhua ta biyo ta, ta tsuguna a gabanta, idonta ya kawo ruwa. "Inna, na rantse ban san wannan zai rataya ba."

"Share min fuskarki. Ba kuka na zo saya ba. Koya min, kuma in kika yi min muryar aji sai na maka miki sandar nan."

Yinhua ta share ƙasa da tafin hannu, ta ɗauki tsinke. Ta fara da mai sauƙi. Ta zana ɗan akwati da layi a ciki, ta ce wannan rana ce. A gefensa ta zana wani, ta ce wannan ɗan awo ne. Rana da awo, lokaci ke nan, baƙin da ake kira shi. Lamei ta harari zanen.

"Rana ce wannan? A wane gari rana take da kusurwa huɗu?"

"Haka aka same ta, Inna."

"Maza ne suka zana, ba shakka. Ba su taɓa tsayawa cikinta ba. Ci gaba."

Bau ya zo da sauƙi. Hannu ne a hagu, ƙunshi a dama, hannu ya kai ga ƙunshi, runguma ke nan. Lamei ta ce wannan kam mai hankali ne ya yi shi, ta karɓi tsinken ta gwada. Hannun da ya saba da allura da wuƙa ya ƙi bin tsinke, ƙunshin nata ya fito da baki buɗe, amma ya fito. Fo, wato Buda, mutum ne a tsaye kusa da sanduna biyu da igiya ta zagaye su. Ta ce ai wannan mai itace ne ya sauke kaya yana hutawa, in dai haka Buda yake to ashe shi ma talaka ne. Yinhua ta toshe baki da hannu, kafaɗunta na rawa.

Lin ya ba ta wuya. Yinhua ta yi bayani ta sake yi, wai mutum ne ya sunkuyo yana duban abin da ya iso gabansa, bayanin bai shiga ba. Can Lamei ta karkata kai, ta ce, "Tsaya. Ga katanga, ga kai ya leƙo, ga taga a ƙasa. Maƙwabciyarmu ce wannan." Daga nan ko a mafarki aka nuna mata lin za ta gane shi.

Wani abu ya faru da ita a gindin bishiyar nan wanda ba ta shirya masa ba: abin ya yi mata daɗi. Zanen da ɗazu yake tarkace ya fara tsayawa yana kallonta kamar fuskar wanda ta sani. Daɗin ya zo tare da haushi, don ta ga ashe kanta ba dutse ba ne, ashe tun tuni zai iya. Ba ta faɗa wa Yinhua ba. Ta ce dai a yi sauri.

Saura jiyau, ƙafa. Kashi uku ne a matse wuri ɗaya, na hagu wai nama, na tsakiya wai tafiya, na dama wai mutum a durƙushe. Lamei ta zana ya rikice, ta share ta sake, ya sake rikicewa. Inuwar bishiyar tana ta janyewa daga kansu, rana ta fara dukan ƙeyarta. Masu kasuwa da yawa sun wuce, wasu har sun fara dawowa, suna tsayawa kallo. Tsoro ya kama ta sosai. A zuci tana ganin Sulian a kan gadon ƙasa, kunne a ƙofa, duk motsin da aka yi sai ta ɗaga kai.

Yinhua ta matso kusa, ta rage murya. "Inna, in ya ɗaga na ƙafa zan sosa kunne."

"Ashe kina da wayo kika bar ni ina noman ƙasa da tsinke? Tashi mu je."

Amma Geng ba jiya aka haife shi ba. Suna isowa ya ce malama ta juya ta fuskanci kogi, ta kuma sa hannuwa a baya. Sannan ya zuba wasu alluna cikin biyar ɗin, don kada a gane na ƙarshe da ragowa. Jama'a suka matso. Ya ɗaga na farko.

"Maƙwabciya," in ji Lamei. "Lin."

Ya ɗaga wani. Ta ce ba ta san wannan ba, kuma ba ya cikin maganar, ya mayar da shi inda ya ɗauko. Aka yi shewa. Ya ɗaga mai itace, ta ce fo. Ya ɗaga rana mai kusurwa, ta ce shi. Da ya ɗaga bau ko ƙarasa ɗagawa bai yi ba ta faɗa. Mai amalanken kabeji, wanda ya dawo da amalanke wayam, ya buga tafi, wannan karon da ƙarfinsa. Shi kansa Geng sai da ya gyaɗa kai.

Sai ya jera alluna uku a kan benci. Dukansu da nama a hagu, dukansu a cunkushe. Ya ce ta nuna masa ƙafa.

Lamei ta sunkuya. Gumi ya shiga idonta, ta share da hannun riga. Na tsakiya tafiya, na dama a durƙushe, ta maimaita a zuci, amma zanen ya koma tarkace kamar da safe. Ta miƙa sanda, ta janye, ta sake miƙawa, ta dangwala na hagu.

"Wannan ƙugu ne, Gwaggo."

Wasu suka yi dariya, ba da yawa ba. Geng ya yi magana da taushi, yana ganin alheri yake yi. "Kin yi ƙoƙari, na yarda. Saura ɗaya. Koma ki zauna kaɗan, kafin la'asar kin iya shi."

Ta dubi ƙasa. Inuwarta ta tattaru ta kwanta a gindin ƙafafunta. Ko yanzu ta haye, akwai tudu a gaba, akwai gangara. La'asar ba ta da amfani ga kowa a gidan Tan. Yinhua ta waiwayo ba tare da an ba ta izini ba. Abin da Lamei ta riƙe duk hunturu, da ta riƙe shekara da shekaru, shi ne ba wanda zai sa ta sunkuyar da kai a bainar jama'a. Ta auna shi da 'yarta, bai kai ba.

"Miƙo tutar."

"Inna!" in ji Yinhua.

"Rufe min baki, malama. Ragowar Kare, miƙo, na ce."

Ya miƙa mata, hannunsa ba ƙwari. Ta karɓa, amma ba ta soka a kwando ba tukuna. Ta dafa sanda, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta ɗora a kan bencin, tsakiyar allunan. Ɗan takalmin baƙi bai fi tsawon tafin hannu ba. Mata ba sa nuna wannan a waje, saboda haka wasu maza suka kau da kai.

"Ku duba mana, me kuke kau da kai? Ni makauniya ce mai ido buɗe! Kun ji? Ko in ƙara? Ni, Dou Lamei, makauniya ce mai ido buɗe!" Muryarta ta haye har ƙetaren kogi. "Watan da aka kai yayana makaranta, a watan aka karya min yatsun nan aka naɗe. Shi aka saya masa alƙalami, ni aka saya min tsumma. Ina kuka ana cewa gata ne. Ran nan ban ga shinge ba, ban ga shugaba ba, ban ga wanda ya tare hanya ya ce me ya sa yarinyar nan ba ta karatu. Yau na tsufa kun tuna da ni. Ni ce ban ƙona turare ba? Ku ne kuka makara, ba ni ba!"

Ba wanda ya yi dariya. Wata tsohuwa mai sayar da tsintsiya, mai ƙafafu irin nata, ta ja ƙafafun ta ɓoye ƙarƙashin kaya, tana share ido da gefen ɗankwali. Geng ya matso kusa da ita. Ya ce a hankali, "Gwaggo, ni ma aiko ni aka yi."

"Na sani. Ɗaga sandar."

Ya ɗaga. Ta soka tutar a kwando, a tsaye, inda kowa zai gani, ta hau gada. Katakon yana amsa sandarta. Ba ta waiwaya ba sai da ta kai tsakiya, inda ruwa ya fi ƙarfi. Nan ta tsaya, ta zare tutar da yatsu biyu, ta miƙa hannu bisa ruwa, ta sake ta. Takardar ta juya sau ɗaya, kogi ya tafi da ita.

"Gwaggo!" Geng ya yi ihu daga baya. "Tutar! Doka ta ce har inda za ki!"

"Wace tuta? Ta faɗi ne?" Ta ɗaga murya ba tare da ta tsaya ba. "Yo ina zan gani? Makauniya ce ni, kai ma ka ji na faɗa!"

Dariyar da ta tashi a bakin gada ta raka ta har ƙetare, kuma wannan karon ba ita ake yi wa ba.

Daga nan sai hanya, hanya kuwa ba ta san wasa ba. Tudun ya yi mata tsawo fiye da kullum. Ta canja wa kwando hannu, ta sake canjawa. A tsakiyar hawa ta ji danshi cikin takalmin dama, ta san fata ce ta tsage ƙarƙashin tsumma, ba ta tsaya dubawa ba. Rana ta raba tsaka tana kan tudu. Ta gan ta ta gota, ta ga inuwarta ta fara fitowa ta ɗaya gefen. Ta makara, ta san ta makara, kuma ta san rabin laifin nata ne, don da ta karɓi tutar tun da safe da yanzu tana can. Ta yi kuka a gangara, tana tafe tana zagin kanta da Geng da tsohuwar gidan Tan, ba ta bar kowa ba.

Ƙofar gidan Tan a buɗe take, da jan ƙyalle a rataye gefe, alamar haihuwa. Tsakar gida shiru. Ba baƙi, ba ƙamshin taliya. Tsohuwar tana zaune bakin madafa, hannu a harɗe, baki a tamke. Tana ganin Lamei ta ce, "Sannu da isowa, surukuwa. Da kin bari sai gobe ai."

"An zubar da ruwan?"

Tsohuwar ta nuna ɗakin mai jego da haɓa. "Shiga ki ga tarbiyyarki."

Lamei ta ɗaga labule. Sulian ba ta kan gado. Mai jegon kwana uku, wadda bai kamata ƙafarta ta taɓa ƙasa ba, tana zaune dirshan a daɓe, fuska fari fat, gashi a warwatse, ta dafe bakin daron tagulla da hannu biyu. Ungozoma na tsaye a kanta da jaririya a hannu, da ganin fuskarta ta gaji da lallashi. Ta ce tun da rana ta raba aka zo ɗaukar daro, yarinyar nan ta sauko daga gado ta kama shi, ta ce sai dai a ɗauka da ita. An yi faɗa, an yi zagi, mijin ya roƙa, ko gezau. Ruwa ya huce ta sa an ɗumama, ya sake hucewa ta sake sawa.

Sulian, wadda tun da aka kawo ta gidan nan ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta ɗago kai ta dubi uwarta. 

"Na ce musu za ki zo."

"Ga ni."

"Kin makara, Inna."

"Na makara. Saki daron, hau gado kafin sanyi ya shige ki."

Sai da Lamei ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya suka saki, sun yi sanyi, bakin daron ya bar musu shaida. Ta taimaka mata ta hau, ta ja bargo ta rufe ta. Sannan ta kwance tazargade ta jefa a ruwa, ta watsa magarya da gyaɗa, ta ɗauki moɗa ta ɗebo ruwa mai ɗumi ta zuba na farko. Ta leƙa waje ta ce wa tsohuwar gidan Tan saura nata, ana jira. Tsohuwar ta ɗan jima, sannan ta taso tana gunaguni, ta karɓi moɗar ta zuba.

Ungozoma ta kwance jaririyar ta sauke ta cikin ruwa. Yarinyar ta ɗaure fuska, ta ja numfashi, ta tsala kukan da ya cika ɗakin ya fita tsakar gida. Ungozoma ta ce daro ya amsa, alheri ne, wannan za ta rayu. Tsohuwar ta ce mace da murya haka, a rarrashe ta mana.

"Kada wanda ya rarrashe ta," in ji Lamei. Ta durƙusa bakin daron, ta tallafi ɗan kan da tafinta, ta ci gaba da zuba ruwa. A bayanta Sulian tana kuka ita ma, da ƙarfi, ba ta ko rufe fuska ba.